Jarkar da Aka Ɗauraye

Ranar Talata aka wayi gari dashen 'yan matan gidan kwana ya mutu. Ba ɗaya ba, ba goma ba, ɗari uku da 'yan kai, mangwaro da gwaiba da lemo, kowanne a cikin ledarsa, ganye ya yi fari ya lanƙwashe. Shekara guda cur ɗaliban suka yi suna renonsu. Su suka kafa ƙungiyarsu da kansu, suka sa dokar wanka da rabin bokiti, suka haƙa kwata daga ɗakunan wanka zuwa wani tanki a bayan ginin, da shi suke ban ruwa. Tun kwana uku da suka wuce ganyen ya fara sauya launi, yaran suka ɗauka zafin rana ne, sai suka ƙara yawan ruwan. Ga shi ranar Asabar za a raba dashen ga unguwannin da ke kewaye da makarantar, har an aika takardun gayyata.

Inna mai shara ta iso da tsintsiyarta ta tarar da 'yan mata sun yi cincirindo, wasu na kuka, wasu na rantsuwa. Abin da ya fara ɓata mata rai shi ne ƙafafunsu.

"Ku ja baya, 'yan banza! Kun tattake min ƙasa kamar garken awaki."

Inna ba mai shara ba ce kawai. Ubanta mai bin sawun dabbobin sata ne, kuma a cikin 'ya'yansa tara ita kaɗai ta ɗauko idonsa. Shekara talatin da ɗaya tana share makarantar nan, duk abin da ya ɓata, daga agogon malami zuwa kazar mai girki, ita ake kira. Ta buɗe murfin tankin ta sunkuya, wari ya bugi hancinta. Bilic ne, farin ruwan nan mai hawa kai da take wanke masai da shi. Kwana shida ke nan tana neman jarka guda cikakkiya da ta ɓata daga ɗakin ajiyarta.

Ba a jima ba wata yarinya ta kwarma ihu. An ga jarkar, babu ko ɗigo a ciki, a tsibin robobin da ƙungiyar ke tarawa, daf da rumfar Baba mai lambu.

Kafin azahar makaranta ta gama shari'a. Kowa ya san tsohon bai taɓa son aikin yaran ba. Filin da suka yi reno a ciki filin furanninsa ne aka karɓe, kuma a gaban mutane ya taɓa cewa, "Ruwan dattin nan sai ya kashe muku shuka, ina nan zaune za ku zo ku same ni." Baki shi ke yanka wuya. Shugabar makaranta ta sa aka buga masa takardar sallama, ta ce ranar Juma'a za ta sa hannu. In ya tafi, ba aikin kaɗai zai rasa ba, har da ɗaki ɗaya da ke bayan makaranta inda yake zaune da matarsa makauniya.

"Ranki ya daɗe, a ba ni kwana biyu," in ji Inna.

"Inna, ga jarka, ga furucinsa. Me kuma ya rage?"

"Ban ji daga bakin ƙasa ba tukuna."

Shugabar ta cire tabarau ta murza ido. Mace ce mai kirki, amma baƙi na zuwa Asabar, kuma tana bukatar wanda za ta nuna. Ta ce zuwa Juma'a da safe, ko minti ɗaya ba za ta ƙara ba.

*

Inna ta sami tsohon a rumfarsa yana wasa almakashin yankan fure kamar ba da shi ake ba.

"Tsoho, kai ka yi?"

"Mai tsintsiya, shekara nawa kika san ni?"

"Amsa nake so, ba lissafi ba."

"Ni da ko ciyawa sai na nemi gafararta kafin in cire? Na faɗa musu sabulu zai lalata ƙasa, kuma gobe ma in aka tambaye ni haka zan ce. Amma da yamma in sun tafi karatu, wa kike tsammani ke cire musu tsutsa daga ganye?" Ya ajiye almakashin. "Ban faɗa wa tsohuwa ba. Ta san taku nawa ne daga gadonta zuwa randa, daga randa zuwa ƙofa. In aka kai ta wani gida, sai dai ta zauna wuri ɗaya har ta mutu."

Inna ta juya ta tafi. Tausayinsa ya kama ta, haushinsa ma ya kama ta, don da ya iya bakinsa da ba a zo nan ba.

Daga nan ta nufi wadda 'yan mata ke kira Gimbiya, 'yar masu hali, wadda ta fi kowa tsanar dokar rabin bokiti. An ji ta sau da yawa tana cewa Allah ya kashe itatuwan a huta. Inna ta tarar da ita a kan gado tana gyaran farce.

"Na faɗa, Inna, kuma ban janye ba. Mutum ya yi wanka kamar kaza saboda gwaiba? Amma ni in ɗauki jarkar masai da hannuna? Allah ya sawwaƙe."

Inna ta kama hannun ta juya shi. Laushi kamar na jariri. Wanda ya yi kwana shida yana taɓa bilic ba zai ɓoye shi a fatarsa ba. Ta sake ta, ta ce ta rage baki, ta fita.

*

Da yamma ta koma wurin tsibin robobi ta ɗauki jarkar. Ta juya ta, ta shanshana, ta sake juyawa. An ɗauraye ta tas. An ɓare takardar da ke manne a jikinta. Babu murfi. Ta leƙa cikin gwangwanin da yaran ke tara murafu daban, ga jan murfin jarkarta a sama.

Ta zauna a kan dutse, jarkar a cinyarta. Haka dokar ƙungiyar take: a ɗauraye roba, a ɓare takarda, a ware murfi. Baba kuwa kullum dariya yake musu, shi in ya gama da roba ta bayan katanga yake jefa ta. Kuma wane mai ɓarna ne zai kashe shuka ɗari uku sannan ya tsaya ware murfi? Wannan hannu ne da ya saba har ba ya iya yin akasin haka, ko da a ɓoye, ko da cikin sauri. 'Yar ƙungiya ce, kuma ba ta baya-baya ba.

Washegari Inna ta zo da sassafe, kafin a kaɗa ƙararrawar tashi, ba ta taɓa tsintsiya ba. Ta zagaya tankin, babu sabon sawu. Ta bi jikin ginin a hankali, idonta a ƙasa, har ta kai bayan ɗakin ƙarshe, inda wata tsohuwar kwata take wadda tun fil azal cikin rami take zuba. A nan ta ga sawun. Ƙafa ce ba takalmi, ta yarinya, ta fito daga ƙofar baya. A zuwa ƙafar dama ta fi nutsewa, ga ɗigon ruwa a gefe, alamar bokiti cike. A komawa sawun ya yi sauƙi, a kan yatsu. Gansakukar da ke bakin kwatar ta mutu ta yi fari fat. Ba rana ɗaya aka zuba bilic a nan ba.

Ta durƙusa ta duba sawun hagu. Ƙaramin yatsa bai taɓa ƙasa ba. Ta san ƙafar, ta sha ganinta a cikin taɓon wurin reno. Ta yi salati a hankali.

Abu ɗaya ne bai zauna mata ba. Wannan kwatar ba ta zuwa tanki. Ta bi ta da tsinken tsintsiya tana caka ƙasa, taku goma, sai tsinken ya bugi wani abu mai tauri a inda ƙasar ta fi laushi. Ta tona da hannu. Sabon bututu ne, an binne shi, ya karkata ya nufi tankin.

*

Mataimakiyar shugabar ƙungiya yarinya ce da ake kira Rediyo, don in ta fara magana sai an nemi wurin kashewa. Inna ta tare ta a hanyar aji.

"Wa ya binne bututu a bayan ɗakin ƙarshe?"

"Kai, Inna, kin ɓata mana shiri! Mu muka yi, mu huɗu. Kin san shugabarmu Uwar Shuka ta tafi gida makonni biyu da mamanta ta rasu. To kullum tana cewa kwatar nan ce kaɗai ta rage tana zubar da ruwa a banza, abin yana damunta. Shi ne muka ce bari mu haɗa mata kafin ta dawo, mu rufe, ranar Asabar mu nuna mata a gaban baƙi ko ta ɗan yi murmushi. Wallahi tun da ta dawo ba ta yi dariya ba ko sau ɗaya."

"Ita ba ta sani ba ke nan?"

"Ina fa! Ni da kaina na riƙe sirrin, Inna, kwana goma. Kin san kuwa ba ƙaramin jihadi na yi ba."

Inna ba ta yi dariya ba. Ta sallami yarinyar.

Uwar Shuka ita ce ta kafa ƙungiyar. 'Yar shekara goma sha shida, siririya, mai magana a hankali, kuma da ita da Inna ne kaɗai ke da makullin ɗakin ajiya. Inna ta same ta ita kaɗai a wurin reno tana zazzage ƙasa daga ledoji tana jera su, don a sake amfani da su. Inna ta zauna kusa da ita ta kama hannunta. Fatar yatsun ta tsattsage ta yi ja.

"'Yata, me kike wankewa da asuba?"

Yarinyar ta fizge hannun, ta sunkuyar da kai. Sannan ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Tun da Mama ta rasu nake fitsarin kwance. Kullum. Ban san lokacin da yake zuwa ba." Hawaye suka zubo. "Sabulu ba ya kashe warin, shi ya sa na ɗauki jarkarki. Ki yafe min, zan faɗa wa Babana ya saya miki wata. Amma Inna, ban kai shi kusa da tanki ba, ni na kafa dokar hana zuba shi. Can kwatar baya nake zubawa, wadda ke zuwa rami."

Inna ta so ƙasa ta buɗe ta haɗiye ta. A shekarunta na bin sawu ta kama ɓarayi, ta ji daɗin kama su, amma ba ta taɓa zuwa ƙarshen sawu ta tarar da wanda bai ma san ya yi laifi ba. Ta faɗa mata maganar bututun a taƙaice, don babu hanyar da za ta faɗe ta ta yi daɗi.

Yarinyar ta dubi ledojin da ke gabanta. Ba ta yi ihu ba. Ta ce, "Da hannuna nake ƙara musu ruwan." Ta maimaita sau biyu. Sannan ta ce, "Baba mai lambu fa?"

"Ki bar min maganar Baba. Ke dai kada ki buɗe baki ranar Juma'a, kin ji ni? Zan wanke shi ba tare da na ambace ki ba."

Inna ta san 'yan matan gidan kwana. Za su yafe sata, za su yafe ƙarya, amma wannan in ya fita, har ta bar makarantar ba za a ƙara kiran ta da wani suna ba.

*

Ranar Juma'a Inna ta roƙi shugabar su gana su biyu kawai. Shugabar ta ƙi, ta ce zargi a bainar jama'a aka yi shi, a gaban masu abin za a warware. Aka tara su a ofis: Baba a tsaye da hularsa a hannu, Gimbiya, Rediyo, da Uwar Shuka a matsayin shugabar ƙungiya. Takardar sallama na kan tebur.

Inna ta ajiye jarkar da jan murfin. Ta yi bayanin ɗaurayewa da ɓare takarda, ta yi bayanin gansakuka da bututu. Rediyo ta dafe baki, a karon farko a rayuwarta ta rasa abin cewa.

"Ranki ya daɗe, babu wanda ya je tanki da mugun nufi. Wata ce ta yi wanki da bilic, ta zuba inda ta san rami yake zuwa. Garin gyaran gira aka rasa ido. Tsohon nan ba shi da hannu."

"Wace ce?"

"Ƙasa ba ta faɗa min suna ba."

"Inna, shekara ashirin ina ganin aikinki, ban taɓa jin ƙasa ta ɓoye miki suna ba." Shugabar ta ja takardar gabanta. "Shi ma yana iya zubawa a kwatar, yana iya ɗauraye jarka don a ce yara ne. Kowa ya san ku abokan juna ne. Gobe zan tsaya gaban baƙi, ba zan ce musu iska ce ta kashe itatuwa ɗari uku ba."

"Kuma ma," in ji Gimbiya, "wace ce za ta riƙa wanki a ɓoye da maganin masai? Me take wankewa?"

Gaba kura, baya sayaki. Inna ta dubi tsohon, ta dubi alƙalamin da shugabar ta cire wa murfi, ta ƙi duban yarinyar ko kaɗan. A ranta tana roƙon Allah ya ba ta wata ƙarya da za ta isa kowa, ƙaryar ba ta zo ba.

"Ni ce, Malama."

Uwar Shuka ta miƙe. Ta faɗi komai, ba ta rage ba, har kalmar da Inna ta yi ta kewayewa. Tana magana tana kallon bango. Da ta gama ta juya wajen tsohon ta durƙusa, ta ce, "Baba, ka yafe min kwana ukun da ka yi." Shugabar ta yaga takardar, ta gargaɗi yaran cewa duk wadda ta fitar da maganar za ta gamu da ita.

Gargaɗin bai kai la'asar ba. Ba a san bakin da ya fitar ba, Gimbiya ta rantse, Rediyo ta rantse tana kuka. Da aka je cin abinci wata ta toshe hanci da Uwar Shuka ta wuce, aka fashe da dariya. Washegari aka tarar an fitar da katifarta tsakar gida an jingina a rana. Wasu kaɗan sun tsaya mata, amma tsayawar ma da tausayi a ciki, kuma tausayin ya fi dariyar yi mata ciwo. Ba a yi taron Asabar ba. Ranar Lahadi mahaifinta ya zo da mota, mutum mai shiru wanda baƙin cikin rashin matarsa bai sake shi ba, ya ɗauki akwatinta. Yarinyar ta miƙa wa Inna makullin ɗakin ajiya, ta ce a faɗa wa Rediyo a wanke tankin sau uku kafin a sake amfani da shi. Ba ta dawo ba.

*

Bayan mako guda Inna ta wuce ta wurin reno ta ga Baba a durƙushe yana cika ledoji da sabuwar ƙasa. Ba wanda ya sa shi. Tun ranar Juma'ar bai yi mata magana ba, ita kuma a ranta tana jiran ko da sannu ce.

"Tsoho, ya jikin tsohuwa?"

"Tana nan."

"To, alhamdu lillahi. Ɗakinku dai ya tsira."

Ya ci gaba da cika leda, bai ɗago ba.

"Mai tsintsiya, wa ya aike ki?"

"Kamar yaya wa ya aike ni? Da yanzu kuna kan titi."

"Na sani. Kuma da na tsine wa makarantar nan har in mutu." Ya dangwarar da ledar a layi. "Amma ni shekarata saba'in da biyu. Me ya rage min da za a saya da yarinya 'yar sha shida wadda ko arba'in ɗin uwarta ba a yi ba? Kin iya bin sawu, ban musa miki ba. Sai dai ba ki taɓa koyon inda ake tsayawa ba."

Inna ta so ta ce masa ta hana yarinyar magana, ta so ta ce ba ita ta binne bututu ba, ba ita ta riƙe alƙalami ba. Duk gaskiya ne, kuma babu wadda za ta yi amfani. Ta tsaya har hawaye suka gangaro mata, ba ta share ba. Sannan ta jingina tsintsiyar da bango, ta durƙusa gefensa da ƙyar saboda gwiwa, ta buɗe masa bakin leda ta gaba. Ya zuba ƙasar, bai dube ta ba.